Tsatsa da Shaida: Yadda Ake Adana Tsofaffin Bindigogin Yaƙi

Laccar da aka gabatar cikin makon bikin cikar masarauta shekara ɗari

  

Duk garin da biki irin wannan ya tunkaro, tun da sauran wata guda ake ganin alama. A yaɓe katanga, a shafa farar ƙasa, a kakkaɓe lifidi, a goge kakaki. Daga nan a buɗe taska, a fito da kayan da suka shekara talatin ba su ga rana ba. To, a wannan makon ne tsohuwar bindiga ke shiga haɗarin da ba ta taɓa shiga ba tun da aka daina yaƙi da ita. Wani saurayi mai ƙwazo, da kyakkyawar niyya, zai ɗauki samfefa da gwangwanin baƙin fenti, kafin la'asar ya shafe abin da tsatsar shekara ɗari ta kasa shafewa. Washegari baƙi su yaba, su ce ta koma sabuwa. Alhali ba don sabunta aka ajiye ta ba. An ajiye ta ne don ta ba da shaida, kuma shaidar a jikinta take rubuce: tambarin maƙera, lambobi, gurbin hannun wanda ya riƙe ta, har da tabon da ta samu a fagen fama.

Babu waɗanda suka fi sanin wannan al'amari kamar masu tara bindigogi masu jigida na da, wato irin waɗanda ke zuba harsashi ba tsayawa muddin an danne kunama. Dalili kuwa shi ne, babu makamin da ya tara wahalar adanawa wuri ɗaya kamar ita. A jikinta akwai baƙin ƙarfe, akwai tagulla, akwai katako, akwai fata da zane, kowanne da irin cutarsa, ga kuma doka a kanta mai tsanani. Wanda ya iya kula da ita, bindigar toka da igwa da takobi ba za su gagare shi ba. Shi ya sa ya dace a ji yadda suke yi, ko da a ce fadojin ƙasar nan ba irinta suka fi ajiyewa ba.

Asalinta daga wani Ba'amurke ne, Hiram Maxim, wanda aka haifa a 1840, ya koma Landan da zama, ya kuma nuna ƙirarsa a 1884. Kafin shi akwai irin ta Gatling tun 1862, amma ita sai an juya mata hannu kamar injin niƙa. Dabarar Maxim ita ce ya sa naushin da bindiga ke yi wa kafaɗar mai harbi ya yi aiki. Wannan ƙarfin shi ke fitar da kwankon da aka harba, ya jawo sabon harsashi, ya cusa shi, ya sake tashi, har wajen sau 600 a minti ɗaya. Harsasan jere suke a ɗamarar zane mai cin 250, kuma kamanninta da jigidar mata ne ya sa Bahaushe ya raɗa mata suna. Da yake wuta irin wannan za ta lalata bututu nan da nan, sai ya kewaye shi da tulun ƙarfe mai cin ruwa kamar lita 4. Wannan tulun, kamar yadda za a ji a gaba, shi ne babban ciwon kan mai adana ta.

Abin da ta aikata a Afirka ba ɓoyayye ba ne. A Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Mahdi fiye da 10,000 suka kwanta cikin safiya ɗaya, alhali waɗanda aka kashe a rundunar Kitchener ba su kai 50 ba. Da ita da igwa Turawan Ingila suka shiga Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka kuma cim ma Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Waɗanda suka tsira daga Burmi ne suka bi ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nilu, inda zuriyarsu take har yau. Faransawa kuwa tasu hanya suka bi. Kamfanin Hotchkiss ya fitar da ƙirarsa a 1897, wadda hayaƙin albarushi ke sarrafawa, iska kuma ke sanyaya ta. Samfurin 1914 ana gane shi daga nesa da ƙawanya biyar masu kauri da ke gindin bututu, da siririn farantin ƙarfe mai ɗaukar harsashi 24 a maimakon ɗamara. Nauyinta wajen kilo 24 ne, ƙafafunta uku ma kusan haka. Tsofaffin sojan ƙasar nan da suka yi yaƙin duniya na biyu, ko na Indoshin, ko na Aljeriya, sun fi sabawa da ƙaramarta, FM 24/29, mai gidan harsashi a bisa da kunama biyu.

Me ya sa, to, taskokin sarakunan Hausa suka cika da bindigar toka ba da waɗannan ba? Ba rashin so ba ne, ba kuma rashin sani ba. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shekarar da Maxim ya nuna ƙirarsa, ya tara bindigogi ta hanyar ayarin Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a cikin gari, har maƙeransa suka zuba igwa da hannunsu. André Salifou ya yi bayanin wannan a littafinsa na tarihin Damagaram da ya fito a 1971. Amma a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniya a Buruksel, suka hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara, suka bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa kaɗai. Shekara tara bayan haka aka yi Lugu da Birnin Ƙwanni da Tirmini. Saboda haka bindigar tokar da ke rataye a zaure da mai jigidar da ke gidan tarihi labari ɗaya suke faɗi, kowacce daga nata ɓangare.

Abu na farko da mai adana irin wannan makami ke yi ba da mai ko tsumma yake farawa ba. Da takarda yake farawa. A Amurka, tun 1934 doka ta wajabta rajistar kowace bindiga mai jigida, kuma tun Mayun 1986 ba a ƙara yi wa farar hula rajistar sabuwa ba. A Turai kuwa, wadda mai tara kayan tarihi ke riƙewa kusan kullum kasasshiya ce, wato an toshe bututunta, an lalata sassan da ke tayar da harsashi yadda ba za su gyaru ba, an buga mata hatimi, an ba da takardar shaida. A Faransa ofishin gwajin makamai na Santetiyen ke wannan aiki, a Ingila kuwa na Landan da na Barmingam. Mai tarawa na gaskiya ba ya neman ta sake tashi, kuma duk wanda ya zo masa da wannan shawara ya san ba abokin sana'a ba ne. A ƙasar da ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, ta kuma ƙona bindigogi a bainar jama'a a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ya tsinci makamin soja a gona, ko a rijiya, ko cikin kayan gado, ya sanar da maigari da jandarma kafin ya motsa shi. In yana da darajar tarihi, a nemi ya tafi gidan tarihi da takardarsa.

Tsohon harsashi kuwa ba kayan ajiya ba ne ko kaɗan. Albarushin da ba ya hayaƙi, wanda Paul Vieille ya haɗa wa Faransa a 1884, yana ruɓewa da tsufa, zafi kuma na gaggauta ruɓewar, har ya kama da wuta shi kaɗai. Manyan jiragen ruwan yaƙin Faransa biyu, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, a tashar Tulon suka tarwatse suna tsaye, babu abokin gaba a kusa, aka rasa mutane fiye da 100 a na farko, fiye da 200 a na biyu. In haka ta faru a ma'ajin sojan ruwa, ina ga ɗakin kwano a watan Afirilu? Ita ma bindigar toka tana da nata tarko. Sau da yawa akan same ta a ɗure tun zamanin kakanni, baƙin albarushi kuwa ba ya mutuwa in bai jiƙe ba. Sai a zura siririn kara a bututu har ya tsaya, a yi masa alama, a fito da shi a gwada daga waje. In bai kai gindi ba, akwai abu a ciki. Daga nan ba mai kai ta kusa da wuta, ba mai leƙa bakinta, sai a kira wanda ya san aikin.

Bayan doka da tsaro, sai karatu. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hotonta ta kowace fuska, a auna tsawonta, a kwafe duk wani rubutu da ke jikinta harafi bayan harafi, ko da mai kwafewar bai fahimce shi ba. Maƙeran Turai ba su sakin makami sai da tambari. Maxim ɗin Jamus, samfurin 1908, tana ɗauke da sunan masana'anta da shekarar ƙira a bisa murfi, kuma lambarta na maimaituwa a kan sassanta manya da ƙanana. In lambobin sun zo ɗaya, an san haka ta fito daga hannun maƙeri. In sun saɓa, an san ta sha gyara a sansani, an ɗauko na wata an sa mata, wannan ma tarihi ne, ba aibi ba. Bindigogin kasuwa da suka cika Afirka ta Yamma yawancinsu daga Liyej ta Beljiyam ko Barmingam suka fito. Na Liyej suna da haruffa uku, E da L da G, cikin da'ira mai siffar ƙwai. In an ga kambi a bisa da'irar, ba a buga shi kafin 1893 ba. Na Barmingam suna da sandunan sarauta biyu a gicciye. Duk waɗannan alamu ba su fi ƙwayar gero zurfi ba. Shafa biyu na magagari sun isa su tafi da su har abada.

Akwai kuma karatun da ba a jikin ƙarfe yake ba. Wa ya kawo ta? A wane yaƙi, ko wane fatauci? Hannun wa da wa ta bi? Wannan yana bakin dattawa, da maroƙan fada, da tsofaffin matan gidan sarauta, waɗanda sau da yawa sun fi kowa riƙe irin wannan zance, ba a dai cika tambayarsu ba. A rubuta abin da suka faɗa da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In ruwaya biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi daɗin ji. Masu tara makamai a ko'ina sun san bindiga mai sanannen asali ta fi ƴar'uwarta marar asali daraja nesa ba kusa ba, ko da ta biyun ta fi sheƙi.

Sai maganar tsatsa, wadda ita ce zuciyar aikin. Tsatsa iri biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba shi ke ɓarna. Akwai mai duhu, santsi, wadda ta kwanta a jikin ƙarfe kamar fata. Wannan ta gama cin abin da za ta ci, yanzu kariya take yi, sai a bar ta. Akwai kuma ja mai gari-gari, wadda ke ɓarewa tana bar wa yatsa launi, wani lokaci har da ɗigon ruwa kamar gumi. Wannan tana da rai, tana ci, ita ake yaƙa. Abincinta laima da gishiri. Gishirin kuwa ta hanya uku yake zuwa: daga zufar hannu, daga ƙasar da ƙarfen ya kwanta a kai, da kuma daga harbin da aka yi da shi tun da. Wannan na ukun mutane da yawa ba su san shi ba. Hular tsofaffin harsasan soja, wato ɗan abin da ke tayar da wuta a gindi, tana barin wani gishiri a cikin bututu mai jawo laima daga iska. Mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi, tsatsa ta ci gaba a ƙarƙashi. Ruwa ke narkar da shi. Shi ya sa sojan Ingila ke zuba tafasasshen ruwa a bututu bayan harbi, su busar, sannan su sa mai. Bindigar da aka ajiye ba a yi mata haka ba, wajenta na iya yin kyau alhali cikinta ya zama kamar saƙar zuma.

Tulun ruwan Maxim da na Vickers, ƙanwarta da sojan Ingila suka ɗauka a 1912 suka riƙe har 1968, nan ne ɓarna ta fi ɓuya. Na farkon zamani da tagulla aka yi su, ba su da wannan matsala sosai. Na baya siririn ƙarfe ne, kuma in an ajiye bindigar da sauran ruwa a ciki, daga ciki tsatsa ke hudowa, ba a sani sai fenti ya kumbura. Mai adanawa yakan buɗe marfin, ya haska da tocila, ya bar cikin ya bushe sarai, kuma ba ya sake zuba ruwa don nuna wa baƙi yadda take aiki. Akwai wani abin lura a nan: zaren da ake naɗawa a bututu don hana ruwa yoyo na asbesto ne, ƙurarsa na cutar huhu, ba a kankare shi a busa.

Yadda ake cire jar tsatsa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci. A ɗiga mai marar kauri, irin na keken ɗinki, ko kananzir kaɗan, a bari ya kwana. Sannan a bi ta a hankali da tsinken itace mai tauri, ko ƙashi, ko ƙaho, abin da ya fi tsatsa ƙarfi amma bai kai ƙarfe ba. A share da farin tsumma, a duba, a sake. Tafin hannu ɗaya na iya cin yini. Abin da ba a yi shi ne a sa buroshin waya na inji, ko samfefa, ko ruwan batir, ko a jefa ta wuta don noti ya saki. Notin da ya ƙi kwancewa a bar shi. Ya fi a karya shi. Bayan an gama, a goge man sarai, a shafa kaki siriri a murza. Masu gidajen tarihi suna amfani da wani kaki da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950, ana sayar da shi da sunan Renaissance. Inda babu shi, tataccen kakin zuma ya fi man gyaɗa da man shanu da man kaɗe, domin waɗannan suna tsami, su yi danƙo, su kama ƙura. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, wanda ake yawan shafa wa ƙofofi, guba ne ga tsohon ƙarfe.

Akwai wata dabara da masana ke yi wa ƙarfen da tsatsa ta riga ta rufe, irin igwar da ta daɗe a waje. Sukan shafa masa ruwan sinadarin tanin, ya haɗu da tsatsar, ta koma baƙa ta daina ci. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Sinadarin shi ne wanda ke cikin bagaruwar majema, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ita ke ba dukawa baƙin kuloko da suke zane da shi a jan fata. Sai dai ba a yi wa ƙarfen da ke da sauran shuɗin maƙera ko fentinsa na asali, domin zai sauya masa kama. Fentin asali, ko ya kwaile ya rage rabi, ya fi sabo daraja, tun da shi ke faɗin rundunar da ta riƙe makamin da zamanin da ta riƙe shi.

Tagulla ita ce ta fi jan hankalin mai son goge-goge, domin lemun tsami da toka na sa ta walƙiya cikin minti biyar. Amma kowace guga tana tafiya da ɗan wani abu, kuma rubutun da ke kai shi ke fara mutuwa. Duhun da tagulla ta yi da tsufa ba datti ba ne. Abin tsoro a jikinta shi ne kore mai haske, mai gari, wanda ke dawowa bayan an share. Wannan cuta ce, tana son a busar da wurin, a kuma nemi masani. Katako kuwa abokan gabansa gara da sauyin yanayi. A ƙasar nan iska kan bushe ƙarau da hunturu, ta jiƙe sharkaf a watan Agusta, katako ya tsuke ya kumbura kowace shekara har ya tsage. Ba a cika shi da mai don a hana wannan, man ma laushi yake sa shi ya baƙanta. Don haka ne ake kwantar da doguwar bindiga, ko a sa bakinta ƙasa, kada man bututu ya gangara cikin ƙota. Fata da zane a raba su da ƙarfe. Jemammiyar fata tana da tsami mai cin ƙarfe, inda kuma ta haɗu da tagulla sai kore mai maiƙo ya fito. Takobin da ya shekara hamsin cikin kube ba a zare ba, kowa ya san yadda ake samun sa.

Wurin ajiya ya fi duk wani magani. Soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano nesa, domin zafi da sanyi ba su shiga cikinsa da gaggawa, muddin rufinsa ba ya yoyo, indararonsa kuma na zuba nesa da gindin bango. Kada makami ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A yi masa marataya ko gado na katako busasshe, a shimfiɗa farin zanen auduga da aka wanke. Kada a naɗe shi a leda, domin tana tara gumi. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da buhun gishiri, ko kanwa, ko takin zamani. Wanda zai ɗauka ya sa safar hannu, in babu ya riƙe da tsumma.

Saura abin da ya ɓace. Da wuya a sami mai jigida ta shekara ɗari da kayanta cikakku. Ko marfin tulu ya tafi, ko mariƙin katako ya karye, ko ƙafa ɗaya ta ɓata. Masu tarawa sun kasu biyu a kan wannan. Wasu na yawo kasuwa-kasuwa har su sami na asali irinsa, wasu na cewa a bar giɓin a yadda yake. Abin da duka suka yarda da shi, in dai masu gaskiya ne, shi ne duk abin da aka ƙara a iya cire shi ba tare da an ji wa na asali ciwo ba, kuma kada a ɓoye cewa ƙari ne. Nan ne aikin Sarkin Maƙera da mutanensa yake. Maƙerin da ya iya ƙera sabon maɗauri ga bindigar toka, ya buga shekarar da ya yi shi ta ciki inda ido ba ya kaiwa, ya mayar da karyayyen cikin ƙunshi da lambarsa, ya yi aikin da jikokinsa za su yi alfahari da shi. Walda kuwa ba ta da wuri a nan. Tana ƙona ƙarfen da ke kewaye, ba ta kuma warwaruwa. Gyaran da mutanen da suka yi da kansu, irin naɗin ɗanyar fata a ƙotar da ta tsage, ko ƙusoshin tagulla, ko layar da aka ɗaura a wuyan bindiga, ba a cire shi da sunan tsabta, domin shi ne ya mai da kayan Liyej kayan wannan ƙasa.

Ƴan bindigar fada suna da haƙƙinsu a ranar hawa, kuma biki ba ya cika sai an ji ƙararsu. Amma a ɗura wa sababbin da maƙeran yau suka ƙera, waɗanda aka san ƙarfinsu. Bututun da tsatsa ta ci daga ciki shekara ɗari ba ya gargaɗi kafin ya fashe, kuma in ya fashe, da hannun mai harbi yake tafiya, da abin tarihin gaba ɗaya. Tsofaffin a fito da su a inuwa, bisa shimfiɗa, da mai tsaro a gefe, da ɗan allo a gaban kowacce mai faɗin inda aka ƙera ta, da wanda ya riƙe ta, da inda ta je. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, ana iya neman shawararsu kan rubutun allo da tsarin kundi. Inda aka sami hoton Maxim ko Hotchkiss, a kafa shi kusa da bindigar toka, a rubuta a ƙasa cewa gwanin mai toka yana harbi biyu ko uku a minti, waccan kuwa ɗaruruwa. Ɗan makarantar da ya karanta wannan ba zai sake tambayar ko kakanninsa tsoro suka ji ba.

Kundin kuwa a yi shi kwafi biyu, ɗaya a fada, ɗaya a wani gida dabam, saboda gobara da gara. Kowane makami da shafinsa da lambarsa, lambar kuma a rubuta ta a ɗan kati a ɗaura da zare, ba a jikin ƙarfe ba. A sa mutum ɗaya sananne ya riƙe mabuɗin taska, da mataimaki matashi da zai koya a hannunsa. Su buɗe su duba sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwan farko, da watan Oktoba bayan ɗaukewarsa, su rubuta ranar da abin da suka gani a shafin kowanne, ko da abin da suka gani shi ne babu abin da ya sauya.